Kwamfutar Toma da Ƙwaƙwalwar da Ta Ƙi Sakuwa

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Azahar

Da sunan Allah. Yau na yi ɓarna, kuma har yanzu ban ga laifina ba.

Kwamfutar abokina Toma ce. Tun ranar nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye 'yarsa Julie ta ɗoro ta a adaidaita sahu daga Sabon Gari ta kawo min nan Fagge, ta ce gidansu ya cika da masu dubiya, kada wani ya taɓa. Tsohuwa ce, mai akwati kamar na rediyon da. A cikinta muryoyinmu suke. Shekara biyu muna zama ni da shi duk La'asar muna faɗin mutanen Reluwe da muka yi aiki da su daga Kano har Nguru: direba, gadi, mai wuta, mai share tarago, wane ɗan wane, ina ya fito, ina aka binne shi. Ni nake tunawa, shi yake dannawa. Ni Kyari ban shiga aji ba, giris na shafa wa ƙafar jirgi shekara talatin da ɗaya. Wannan rubutun ma Toma ne ya koya min a bayan takardun kaya, a tashar Gagarawa, lokacin yana gadin jirgi da usur a wuya. Amma abin da ke kaina babu shi a littafin kowa.

Jiya na kunna ta don in ji mu. Ta ɗan yi, ta ɗau zafi, ta yi gurnani, ta mutu. Sau uku. To a Reluwe duk abin da ya ɗau zafi giris yake nema, wannan ko jariri ya sani. Na ɗauko sukundireba na buɗe. A ciki akwai ɗan lagireto da fanka a kansa. Na ɓalle maƙalansa na ja. Ya ƙi. Na ce da wa kake? Na ƙara ja.

Ya fito, amma ba shi kaɗai ba. A cikinsa wani abu ya manne, faɗinsa kamar biskit, bayansa cike da 'yan allurai masu ruwan gwal, sirara kamar gashin jariri. Na taɓa, ko motsi.

Matata Falmata ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, shekara arba'in da shida ina jiran ranar da za ka gyara abu ya zauna a gyare."

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Na naɗe shi a tsohuwar hula na tafi Kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan wuta, wurin Chinyere. Ƙawar Julie ce tun suna 'yan makaranta, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana. Da ta warware hular sai ta dafe kai ta yi dariya har maƙocinta ya leƙo.

Ta ce wannan biskit ɗin shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Akwai wani mai da ake shafawa tsakaninta da lagireton don zafi ya wuce, shi ne ya tsufa ya bushe ya koma siminti. Na ce ashe dai giris ne, ban yi ƙarya ba. Ta ce ban yi ƙarya ba, amma da na bar ta ta ɗau ɗumi kafin in ja, kuma da murɗawa na yi, da ba ta tumɓuko daga gidanta ba. Ta duba da gilashi ta ce allura uku sun lanƙwashe.

Sai ta ce in zauna in sha lemo, minti goma ta raba su. Ta ƙara da cewa muryoyin ma ba a nan suke ba, suna cikin wani rumbu daban a akwatin, in kawo yau ta kwafe min su kafin La'asar.

Na ce a'a. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Kayan Toma ne, hannuna ya ɓata, hannuna zai gyara.

Ta dube ni. Sannan ta lissafa min: ɗumi, sifirit, zare mai ƙarfi, murɗawa a hankali. Ban da wuƙa, ban da guduma. Ta ce, "Baba, na san ku 'yan Reluwe. Ban da guduma." Na ce na ji.

Talata, kafin Magariba

Toma na nan lafiya. Ya ci rabin ayaba. Julie ta aske masa gemu, ya koma kamar sabon ma'aikaci.

Ta sake ta da maganar Kaduna a gabana. Hutun da aka ba ta a ofis saura kwana goma, wai can akwai inda za a riƙa gasa masa hannu da ƙafa kusa da gidanta. Toma ya miƙa hagu aka ba shi biro. Ya rubuta KWAMFUTA, ya ja layi biyu a ƙasa. Julie ta ce tun jiya haka yake, ba zai shiga mota ba sai da ita, kuma sai tana magana.

Na ce ana kan aiki.

Laraba, bayan Asuba

Tana manne.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan an sauko

Ba na taɓa ƙarfe ranar Juma'a. Falmata ta ce yaushe aka fara wannan, na ce tun kafin a kawo ta.

Na kai abin majalisa don a gani. Kowa ya zama injiniya. Alhaji Hambali mai atamfa a Kwari ya ce a jiƙa a kananzir kwana uku. Wani ya ce man ja. Wani ya ce a sa a firji, sanyi zai sa ta saki. Mai shayi ya ce a ba shi cokali ɗaya zai ɓanɓare ta, na ce ya tsaya a ƙwai. Alhaji Hambali ya nemi ya taɓa alluran da yatsa, na doke hannun. Mutumin da ya je Makka sau huɗu, ya ja baki ya yi fushi kamar an hana shi alewa.

Na mayar da ita cikin kwanon sha, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. Aikin ƙarfe ba ya son garaje.

Lahadi, 4 ga Mayu, La'asar

Na tarar da 'yan cocinsu sun zo suna masa waƙa. Na zauna a benci a waje har suka gama, wata tsohuwa ta kawo min ruwan sanyi ta kira ni da sunana. Duk sun san ni. Shekara hamsin ina shiga gidan nan, kuturun bawa ma ya san ni.

Toma na nan lafiya. Da na shiga ya ɗaga gira, ma'ana ina labari? Na ce zare nake nema. Ya lumshe ido. Na zauna na ba shi labarin majalisa, na kwaikwayi Alhaji Hambali, ya yi dariya da ɓangaren da yake dariya.

A da, shi maganarsa ba ta ƙarewa. Mutanen Zariya, ka tambaye su hanya su ba ka tarihin kakansu. Yanzu ni kaɗai nake yi. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, amma na yi iya yina.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Yini guda a Kantin Kwari. Na duba zaren teloli, ya yi laushi. Na duba na masu jaka, ya yi kauri. Wani ya nuna min na Sin, na ja ya tsinke, ko da yake na ja da ƙarfi. Wani ya kawo mai kyau sosai, amma ja ne, ni kuma ban yarda da jan zare ba. Na sha fura a bakin layi na dawo.

Falmata tana zaune tana ɗinkin hula. Ba ta ɗago ba, ta turo min ƙwaryar zarenta da ƙafa. Kala goma sha biyu a ciki. Na ce wannan na mata ne.

Na ce mata sannu ba ta hana zuwa. Ta ce in ƙarasa karin maganar. Na ce na manta sauran. Ta ce, "Kai da kake riƙe da sunan kakan mai share tarago?"

Tana manne.

Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi

Julie ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo wa Falmata citta da doya. Na riƙe yarinyar nan ranar sunanta, ta yi min fitsari a sabuwar riga, har yau ban fasa tuna mata ba. Yau ba ta yi dariya ba.

Ta ce ta roƙa an ƙara mata sati ɗaya, daga nan babu. Ta ce likita ya ce irin wannan gashin da wuri ake fara shi, kowane sati da ya wuce akwai abin da yake tafiya da shi. Ta ce Chinyere ta gaya mata aikin minti goma ne. Na ce Chinyere yarinya ce, ba ta taɓa ganin tsatsa ba.

Ta murza gefen zaninta. Can ta ce, "Baba Kyari, ni ma ba so nake in raba ku ba."

Ban gane maganarta ba. Ni maganar ƙarfe nake.

Falmata ta raka ta har bakin titi, sun daɗe. Da ta dawo ta zuba min tuwo. Miyar ta yi gishiri.

Juma'a

Tana manne. Ban duba ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Zafi yau kamar a bakin tukunyar injin. An ɗauke wuta tun safe. Akuyar Falmata ta haihu, biyu, duk mata.

Ina cikin murna sai Falmata ta ce in tuna mata labarin Taura. Ta san ba na iya ƙin labari. Na ba ta: wani noti ne ya kama a ƙarƙashin taragon gyaɗa, mutum huɗu suka hau sifana suka kasa. Na ce su ba ni wuri. Na hura gawayi a gwangwani na kara masa har ya ɗau zafi, na ɗiga mai, na ɗan taɓa dama, na ɗan taɓa hagu, na ba shi haƙuri. Kafin a kira La'asar ya saki. Toma ya busa min usur sau uku, Bature ma ba a yi masa haka.

Ta ce, "Yini ɗaya ke nan?"

Na ce rabin yini.

Ta ce, "To."

Mace in ta ce to ta koma ɗinkinta, gara ta zage ka.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan Magariba

Toma na nan.

An canja masa zanin gado, mai ruwan ƙasa. Fankarsu tana ƙara, na ce a ɗiga mata mai. A hanya na ga an fara kawo mangwaro mai kyau. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Kullum in na shiga hannun dama nake kamawa, don da shi muka saba gaisawa. Makon farko yatsun suna buɗewa in na sa nawa. Yau na sa, ba su buɗe ba. Na ɗan ja babban, ya runtse ido. Na saki.

Na san wannan. Shekara talatin da ɗaya ina ganin abin da ke faruwa da abin da aka bari bai motsa ba.

Ba zan ƙara rubutu yau ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan La'asar

Tun hantsi na jawo kwanon. Na aiki kaina kemis na sayo sifirit. Na kwance fankar na ajiye gefe, na ɗora lagireton a kan kwanon rumfar awaki inda rana ta fi duka, alluran suna kallon sama, na kifa musu kofin shayi don kada kaza ta yi sha'awa. Chinyere da abin busar da gashi take yi. Mu Allah ya ba mu ranar Kano, ba ta neman mita.

Na zauna ina gadi. Da aka kira Azahar na taɓa, sai da na yarfe hannu. Na yi salla na dawo na ɗauke shi da tsumma.

Na ce, Falmata, kawo zarenki. Ba ta ce na mata ne ba, Allah ya saka mata. Ta zaɓi fari ta ruɓanya, ta naɗe a yatsu biyu. Na riƙe lagireton tsakanin gwiwoyina, na tsoma tsinken tsintsiya a sifirit ina ɗigawa a gefe-gefe. Ta sa zaren a kusurwa ɗaya tana ja dama da hagu kamar mai yanka sabulu. Ya tsinke. Ta sake. Ya shiga kamar faɗin ƙwayar gero. Muka koma wata kusurwar. Wani toka-tokan gari yana zubowa. Gumi yana ɗiga daga hancina, tana cewa in kawar da kai kada in jiƙa wa Toma ƙwaƙwalwa.

Ƙarfen ya huce, muka mayar da shi rana, muka sha ruwa, muka sake.

Da zaren ya zagaye kusurwa huɗu na ce ta tsaya. Na kama gefunan da yatsa biyu, ban taɓa allura ko ɗaya ba. Na yi bismilla. Dama kaɗan. Hagu kaɗan. Babu. Dama kaɗan. Sai na ji ta a yatsana kafin kunnena ya ji, ɗan motsi kamar haƙorin yaro. Na ƙara murɗawa, ta sulluɓo gefe ta zauna a tafina.

Ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya hana mutane barci sati biyu, bai kai ƙwallon goro ba.

Falmata ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙota su zaci aure ne. Ni dai na duba fuskokin biyu. Kowace da tabon ɗayar a jikinta, amma ba wadda ta fashe.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Na kai wa Chinyere komai, akwati da kwano. Ta juya ƙwaƙwalwar ta duba, ta tambayi da me na ɗumama. Na ce da rumfar awaki. Ta ce za ta sayi akuya.

Alluran nan uku ita ta miƙar, da gilashi a ido da bakin reza, tana riƙe numfashi. Wannan kam na sallama mata, idona ba zai iya ba. Ta goge tsohon man da sifirit har fuskokin suka yi ƙyalli. Ta ɗaga wani ɗan hannu a gefen gidan ƙwaƙwalwar, ta ajiye ta, ta faɗa da kanta ba dannawa, ta mayar da hannun. Ashe ƙofa gare shi. Ni ta katanga na fito da ita.

Da ta zo sa sabon mai sai ta ɗiga kamar ƙwayar wake ɗaya. Na ce wannan rowa ce, ta ba ni in shafa yadda ake shafawa. Ta ɓoye hannunta a baya ta ce, "Baba, ba taragon gyaɗa ba ne." Ashe Julie ta ba ta labarin. Ba a sirri a Sabon Gari.

Ta kunna. Fanka ta juya shiru. Muka jira rabin awa, na kara tafina a jikin akwatin. Sanyi ƙalau.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan La'asar

Mun ɗora ta a tebur kusa da gadonsa. Julie ta danna. Sai ga muryar Toma ta cika ɗakin, garau, da saurin nan nasa, yana cewa yau ran kaza ga wata, muna tashar Ringim, Kyari bismilla. Sai ga ni ina tari ina cewa a bari in gama goro.

Julie ta fita tsakar gida, wai ta bar wani abu a wuta.

Ya saurara ido rufe har muka kai Malam Madori. Sannan ya buɗe ya dube ni. Bakin ya daɗe yana shiri.

"Sati... biyu?"

Na ce zare ne ya yi wuya.

"Kai."

Na ce wallahi har Kwari na je.

Ya yi dariya har sai da na ɗaga shi ya sha ruwa. Ya kama rigata da hagu ya ce, "Na... sani. Ni... ma."

Shi ma. Tsohon banza. Ashe layi biyun nan da ya ja ba don kwamfuta ya ja su ba, ya san a hannun wa take, ya san ba zan yi sauri ba. Na ce to mu biyu mun ci amanar yarinya, sai ka tashi ka tafi a gasa ka, in ka dawo ka gaishe ni da hannun mutane.

Asabar, 17 ga Mayu, da hantsi

Sun tafi ƙarfe bakwai da rabi. Shi a gaba an kwantar da kujera, kwamfutar a baya an naɗe ta da bargo an ɗaura mata bel kamar mutum. Na gaya wa direba ya bi a hankali bayan Kwanar Dangora. Na gaya masa sau uku, ya ce Baba na ji.

An yi ruwan farko bayan tafiyarsu. Ƙasa ta yi ƙamshi.

Lahadi, La'asar

Ba inda na je.

Laraba, 21 ga Mayu

'Yan akuya sun fara cin dusa. Ba labari.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan Azahar

Julie ta kira a wayar Falmata. Ta ce kullum da safe ake kai shi, yana zagin mai gashin da ido, jiya yatsa biyu sun buɗe har ya riƙe soso. Ta ce yini yake yana sauraronmu, kuma akwai saƙo, ya rubuta ya ce a karanta min ba ragi. Wai direban da ya kai jirgin farko bayan gyaran gadar Birniwa ba Nu'uman ba ne, ƙaninsa ne, na yi kuskure, kuma kuskuren yana cikin kwamfuta har abada sai an gyara.

Nu'uman ne. Ina tsaye a wurin, ni na shafa wa jirgin giris, ƙanin nasa lokacin ko gemu bai yi ba. Na ce ta gaya masa. Ta ce ya ce ba ya karɓar gyara ta waya.

Na ce to ya zauna da kuskurensa, ni ba inda za ni, rabona da barin Kano tun ritaya, ba kuma zan fara don gardamar Bazazzagi ba.

Na rubuta wannan a tsakar gida. Falmata ta hura gawayi a dutsen guga, ta fito da farar rigata ta Salla. Ta ce motar Kaduna ta farko ƙarfe shida take tashi. Na ce ta sa hula biyu.